Yana zuwa zance, amma hankalinsa na kan waya: in yi magana ko in yi shiru?

'Yar Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, kuma wanda zan aura mutumin kirki ne, iyayena sun yaba da halinsa. Sai dai duk ranar da ya zo zance, da zarar na shimfiɗa masa darduma a zaure mun gaisa, sai ya ciro waya ya hau latse-latse, ina magana yana cewa "ina jin ki". Makon jiya na gaya masa an kwantar da yayata a asibiti, ya amsa mini da "to, madalla", domin ko kaɗan bai ji abin da na faɗa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan ya koma gida sai ya yi ta turo mini kalamai masu daɗi ta WhatsApp har tsakar dare. Shin in yi masa magana, ko kuwa zai ɗauka na fara yi masa iko tun ba a kawo lefe ba?

Mai Yadi, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Ni kaina masu sayen kayana daga Maraɗi da daddare suke turo saƙo, kuma wanda ya yi jinkirin amsawa ciniki ya wuce shi. Sannan akwai samarin da kunya ke ɗaure wa baki a gaban budurwa, sai wayar ta zama maɓoyarsu, shi ya sa rubutunsu ya fi maganarsu armashi. Amma batun yayarki kam bai kyauta ba.

Malamar Islamiyya daga Daura:
Ɗiyata, ki yi magana, kuma ki yi ta yanzu, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da aka yi nawa auren wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba, sai a 2001 ta zo. Saurayi kan taso daga wata unguwa, ya aiko yaro ya ce ana sallama da wance, ya tsaya yana jira, kuma ɗan lokacin da iyaye suka ba ku shi ne kawai damar da za ki san fushinsa, da haƙurinsa, da yadda yake ambaton mahaifiyarsa. Saƙon waya ba ya nuna waɗannan, domin mutum kan goge ya sake rubutawa har sai ya yi kyau. Nasa'i ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya sa wani zobe, sai ya ce ya shagaltar da shi daga sahabbansa, yana kallonsa yana kallonsu, sannan ya jefar da shi. Zobe ke nan, wanda ba ya ƙara, ba ya kawo bidiyo bayan bidiyo kamar TikTok. Kada ki fara da zargi, kuma kada ki nemi ya ba ki wayar ki duba, nan ne rigimar yaran yanzu take somawa. Ki ce masa kina kewar hirarsa, ki fara ajiye taki wayar a ɗaki kafin ki fito.

Bajibiye:
Ina goyon bayan Malama. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu Jibiya, mun sha wahala ƙwarai, ba na fatan a maimaita. Duk da haka a watannin nan ne na fara zama da amaryata bayan isha'i muna hira ta gaske, har na san tana son komawa makaranta, abin da ta ce ta sha faɗa mini ina riƙe da waya.

'Yar Ƙofar Sauri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, jiya na bar tawa a caji na fito hannu biyu, na faɗa masa kamar yadda kika ce. Ya yi shiru, ya kife wayar a kan darduma, ya tambayi jikin yayata. Sau biyu ta yi ƙara, ina ganin hannunsa ya motsa, a na uku ya ɗauka ya ce mahaifinsa ne. Jibi zai dawo.