Allurar mai na nuna rabin tanki amma mota ta mutu a hanya, wa ya taɓa fuskantar haka?

Mai Corolla, Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Corolla ce 2006, jiya muna dawowa daga Kano da iyali bayan magariba, wajen Kwanar Dangora sai ta fara shaƙewa tana fizga, ta mutu, allura kuwa tana kan rabi. Na zaci famfon mai ne ya ƙone, sai da wani bawan Allah ya ƙwanƙwasa tankin ya ce ai babu ko ɗigo, muka samo galan wajen 'yan bumburutu muna zubawa ta tashi. Wlh yarana sun tsorata, wajen ba na tsayuwar dare ba ne. Yau da safe ma allurar na nan a rabi ko motsi ba ta yi. Me zan fara dubawa?

Direban Golf, Katsina:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Ni tawa kullum a E take ko na cika tanki, da aka ciro fulota, wato abin da ke auna mai a cikin tanki, ashe ta huje ta sha mai ta nutse ƙasa. Aka canza ita kaɗai, shikenan.

Rewaya, Panteka Kaduna:
Malam sannu. Kar ka bari a fara kwance maka dashbod, yawanci matsalar a cikin tanki take. Ka ɗaga kujerar baya ta Corollarka akwai murfi, ƙarƙashinsa famfon mai yake da fulota a haɗe. Ita fulota tana shawagi ne a kan mai, tana da hannu na siririn ƙarfe, in mai ya sauka hannun sai ya goga a jikin wani ɗan faranti mai layi-layi, shi ke canza ƙarfin wutar da ke zuwa wa allura. To in layukan suka cinye ko datti ya kama su, ko hannun ya maƙale, allura ƙarya za ta yi maka.

Ga yadda nake yi a gareji. Na cire soket ɗin wayar fulota na kunna makulli, a irin waɗannan Toyota allura ya kamata ta faɗo E, wasu a hankali suke saukowa sai ka ɗan jira. In ta faɗo to gejin na ji, laifin na tanki ne. Sai na ciro fulotar na sa mitar gwajin wuta ina ɗaga hannun sama da ƙasa sannu sannu, tsofaffin Toyota da Honda za ka ga mitar na nuna kusan om (ma'aunin turjiyar wuta) 3 zuwa 5 in a cike, kusan 110 in babu mai, kuma lambar ta riƙa tafiya a jere, in ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya ga inda ya cinye nan.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aikin nan ya ƙaru a wajena, mutane ba sa iya cika tanki, kullum tsakanin kwata da E, wuri ɗaya ake ta gogawa har ya mutu. Shi ma famfon, man da ke tanki ne ke sanyaya shi, yawo da tanki a bushe na rage masa kwana.

Dan Allah a cire kan batir kafin a buɗe tanki, ba sigari, ba fitilar gwaji kusa. Na ga yaron da gashin girarsa ya babbake a kan wannan, Allah ne ya kiyaye.

Hajiya mai Civic, Kano:
Oga rewaya gaskiya ka faɗa. Ni tawa lafiya lau take sai da aka canza min famfon mai, daga ranar in na cika tanki allura ba ta wuce uku bisa huɗu, na koma har sau biyu ana ce min wai haka motar take, abin ya ɓata min rai sosai dan na san motata shekara shida ina hawa. Ƙanena ya kai ta wani wajen aka buɗe a gabansa, ashe garin mayarwa sun lanƙwasa hannun fulotar. Miƙe shi kawai aka yi. Kuma robar murfin ma ba su zaunar daidai ba, shi ya sa warin fetur ya dame mu a ciki.

Mai Hilux, Maraɗi:
Nawa dutse ne ya daki tanki a hanyar ƙauye ya lotsa shi ciki, fulota ta zauna kan lotsawar ba ta kai ƙasa, allura na nuna kwata alhali mai ya ƙare. Ka leƙa ƙarƙashin motar kai ma.

Rewaya, Panteka Kaduna:
Haka ne Alhaji. Na manta kuma, in allura na rawa sama da ƙasa a kan gargada a duba wayar nagatif da aka ɗaure a jikin bodi, tsatsa na kamata. In za ka sayi fulota ta Beljiyam ka tafi da tsohuwar a gwada da mita, wata kamarsu ɗaya a ido amma om ɗinsu daban, sai ta nuna maka ba daidai ba.

Mai Corolla, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga gareji, an cire soket allura ta sauko E, an ciro fulota hannun ya cije a tsakiya, layukan sun yi baƙi wasu sun goge. An aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a kawo wata gobe in sha Allah. Kafin nan na zuba lita 20 na mayar da lissafin kilomita sifili, da shi zan riƙa aunawa.