Al'adata ta rikice, yaushe ya kamata in nace a duba mahaifa?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shekarata 47, kuma tun bara al'adata ta daina bin ƙa'ida. Sai ta ɗauke tsawon watanni har in ce shi ke nan ta tafi, sai kuma ta dawo da ƙarfinta, jini da gudaji, ina canza audugar mata kusan kowace awa. Wani watan kuma ɗigo-ɗigo ne kawai a tsakani. Ga wani zafi da ke taso min daga ƙirji zuwa fuska, cikin dare in farka sharkaf da gumi, barci ya gagara.

Na yi gwajin ciki, babu. An auna jinina aka ce ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayar ƙarin jini. Jirin da nake fama da shi ya ragu, amma zubar tana nan yadda take. Na roƙi a yi min gwajin FSH, wato auna wani sinadarin jiki a cikin jini da ke ƙaruwa idan haila ta kusa ɗaukewa, likita ya ce a wannan shekarun sinadarin hawa da sauka yake yi, ba zai nuna komai ba.

Na san sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba ake cewa ta daina haila, kuma yawanci tsakanin shekara 45 da 55 ne. Amma "shekaru ne, ki yi haƙuri" ba amsa ba ce ga mai zubar da gudaji.

Don Allah, wace alama ce ke raba rikicewar haila ta manyanta da zubar jinin da dole a yi hoton mahaifa a duba kaurin bangonta?