Neman shawara: lambar 360,360 ta hana mu barci a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Argungu. An ba ɗiyata da ke aji biyu na sakandare aikin gida: ta faɗi lambobin da ke raba 360,360 ba ragowa, daga 1 zuwa 20, kuma malamin ya ce ban da kalkuleta. Lissafin buhu da mudu ba ya yi mini wuya, amma wannan ya fi ƙarfina. Ta ina za mu ɓullo masa?

Malamin lissafi, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ku fara da masu sauƙi. Ta ƙare da sifili, don haka 2 da 5 da 10 sun shiga. Ku tara alƙalumanta, 3 da 6 da 3 da 6, ku sami 18, ke nan 3 da 9 sun shiga. Alƙaluma uku na ƙarshe, 360, suna rabuwa da 8, to ita ma haka. Inda malamin ya ɗana tarkon shi ne maimaicin nan. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta sau biyu a jere, an ninka ta ne sau 1,001, ita kuwa 1,001 ai 7 sau 11 sau 13 ce. Shi ke nan sauran sun fito. Daga 1 har 15 babu wadda ba ta raba ta, kuma ita ce mafi ƙanƙanta da ke da wannan hali. Sai ku ƙara da 18 da 20.

Wata uwa, Jega: Alhaji, don Allah kar ka kwafe mata amsar Malam. Ka bar ta ta raba da 13 da hannunta, in ta ga 27,720 ta fito cif, ba za ta manta ba.

Almajirin fiƙihu, Gwandu: Abin da muke yi ke nan a rabon gado. In matar mamaci na da sumuni (ɗaya bisa takwas), uwa na da sudusi (ɗaya bisa shida), sai a nemi adadin da 8 da 6 za su raba, a kafa mas'ala a kan 24. Wannan babbar yayar 24 ce kawai.

Mai tambaya: Malam, 16 fa? Cika ce, ita ma lambar cika ce, amma yarinyar ta ce 8 na ragewa.

Malamin lissafi: Gaskiyarta. 2 sau uku kaɗai ke cikin 360,360, ita kuwa 16 tana neman sau huɗu. Sai an ninka ta koma 720,720. 17 da 19 ma ba sa shiga. In ta gama, ce mata masu raba lambar gaba ɗaya 192 ne, ta zo ta gaya mana yadda aka same su.

Mai tambaya: Na gode. Ga ta can ta kama ƙanenta, ta ce ya rubuta 527,527 ya raba da 7.