Gambar da tumaki suka daɗe suna ci ta yi kaifi, ko ta lalace ne?

Manomi daga Bunza:
Assalamu alaikum. A bakin gonata akwai gamba da nake bari don saƙar zana. Bara na kewaye rabinta da ƙaya, sauran na sakar wa tumakina tara tun saukar damina. Wadda na kewaye ta wuce kaina a tsayi. Wadda ake ci kuwa ta lafe a ƙasa, ganyenta gajeru masu kaushi, har ɗaya ya yanke ni a yatsa. Bana na hana tumakin zuwa, amma har yanzu ba ta kamo 'yar'uwarta ba. Abin ya dame ni, don mahaifina ne ya dasa ta.

Malamin gona, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, da ranta. Ciyawa daga gindi take toho, shi ya sa cizon dabba ba ya kashe ta nan take. Kaifin da ka ji na wani sinadari ne mai kamar yashi, silika, da take zuƙowa daga ƙasa ta jera a ganye. Shi ne ke sa buntun shinkafa kaushi, kuma yana cinye haƙoran dabba sannu a hankali. Wasu ciyayin in an dame su da ci sukan ƙara tara shi. Amma babbar matsalar tana ƙasa. Duk lokacin da aka aske ganyen, sai ta ɗebi abincin da ta ajiye a gindi ta yi sabon toho, saiwa kuma ta tsaya da girma. Saiwar ce za ta fara farfaɗowa kafin ka ga tsayi, kuma damina ɗaya ba lallai ta isa ba.

Dattijo makiyayi, Bagudo:
Gaskiyar malam ne. Ɗana, duba ƙasar wurin ma. Kofato kan daddaɓe ta har ruwa ya riƙa gudu a kai. Mu a fadama, in ruwa ya janye, takun shanu yana binne karan ciyawar burgu ya yi sabuwar saiwa. Amma in garke ya zauna wuri ɗaya, burgun ƙarewa yake yi. A tudu kuwa, inda gamba ta mutu ƙarangiya ke gadon wurin. Ka ga ƙarangiya a ciki?

Mai kiwon raguna, Birnin Kebbi:
Baba, a bar ni in ƙara. Hutun ma in ya yi yawa wani taurin ne. Gambar da ta fitar da kai ta zama kara, ragunana shinshinawa kawai suke yi su bar ta. Ni tohon wata guda nake yanka, kuma nakan bar mata kamar taƙi ɗaya a gindi.

Manomi daga Bunza:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je na duba da yamma. Akwai ƙarangiya kaɗan ta wajen hanya, ƙasar kuma sai da na sa ƙarfi fartanya ta shige ta. Gobe zan ɗan kafce ƙasar, in zuba takin tumakin, in mayar da ƙayar har baɗi.