Shin garkuwar gaban mace tana iya tare HIV?

Maman Khalil: Jama'a, wai da gaske akwai matan da ruwan gabansu ke ɗauke da garkuwa, HIV ba ta kama su ko da mijin yana da ita?

Ɗan Lab: Zancen yana da tushe, Hajiya. A unguwar Pumwani ta Nairobi, masu bincike na Kenya da Kanada sun bibiyi mata masu zaman kansu, a 1996 suka bayyana cewa kaɗan daga cikinsu sun yi shekaru ba su kamu ba. A 1999 kuma aka samu sinadarin garkuwa mai suna IgA, wanda ke gane HIV, a ruwan gaban wasunsu. Ni dai na yarda shi ya kare su.

Anti Nas: A'a ƙanena, ka yi gaggawa. Wasu ɗakunan binciken sun nemi IgA ɗin nan ba su gan shi ba. Kuma cikin matan Pumwani ɗin akwai waɗanda suka kamu daga baya, musamman bayan sun ɗan bar sana'ar sun dawo. Sannan gaban mace daban yake da hanji da baki, inda IgA ke da rinjaye. A gaban mace kuwa, wani sinadarin garkuwa mai suna IgG ne ya fi yawa. Matan da ke ɗauke da cutar ma, in aka ɗebi ruwan bakin mahaifarsu, IgG mai gane HIV ake samu sosai, IgA ɗan kaɗan, amma duk da haka suna iya saka wa miji in ba sa shan magani.

Ɗan Lab: To amma Anti, rashin gani ba ya nuna babu. Auna abu a ruwan gaba da wuya, yawansa yana sauyawa da kwanakin al'ada.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne, shi ya sa bincike bai tsaya ba. Amma wallahi ba zan iya ce wa mace ta dogara da shi ba. Abin da ya tabbata: mai shan ARV, wato maganin HIV, kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Akwai kuma PrEP, wato maganin kariya ga wanda bai kamu ba, da kwaroron roba.

Maman Khalil: To kayan matsi fa, Anti? An ce suna tsaftace wurin.

Anti Nas: Su suka fi tayar mini da hankali, Hajiya. Suna busar da wurin, fatar ta tsattsage wajen saduwa, har mace ta ga ɗigon jini a zaninta. Ta nan ƙwayar ke samun ƙofa.

Ɗan Lab: A kan matsi kam ban ja ba. Batun IgA dai ina nan a kan bakana.