Abin da dillalan gidaje suka ce kan riƙe mai saye

A wata hira da dillalan gidaje da filaye suka yi a Katsina, yawancinsu sun ce mai saye ba a allon talla ake samunsa ba. A majalisa ake samunsa, ko wurin ɗaurin aure, ko ta bakin wanda ka taɓa yi wa ciniki ya ji daɗi. Matasan cikinsu sun ƙara da sa hotuna a WhatsApp, amma hoton gaskiya, har da lungun da ruwa ke kwanciya da damina.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun takardu. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kada ka kai mutum filin gado sai ka ji bakin dukkan magada, mata da maza." Ya ce a nemi mai unguwa da maƙwabta su nuna iyaka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar cikin gari tana hannun gwamna ne, don haka a taimaki mai saye ya nemi takardar mallaka ta gwamnati. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace nauyi.

La'ada kuma a faɗe ta tun farko, kada a ɗora wani abu a ɓoye kan farashin mai gida.

Bayan ciniki a riƙa leƙawa. Wanda ka sama wa haya a Ƙofar Ƙaura bana, in Allah ya hore masa, kai zai nema ranar da zai sayi fili a wajen Barhim.