Yaron da ake ci wa zali a makaranta: me ke aiki, me ke ƙara dagula lamari?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Hali guda nake so mu tattauna: yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ya fara ƙin zuwa makaranta, kullum da safe kukan ciwon ciki, can daga baya a gano wasu yara ne suka sa shi gaba. Masu aiki da yara a aji, asibiti ko ofishin ba da shawara, kowa ya kawo abin da ya tabbatar.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. A fara da tantancewa, don ba kowane rikici ne cin zali ba. Dan Olweus, wanda bincikensa ya zama ginshiƙin yaƙi da cin zali a makarantu da Norway ta ƙaddamar a 1983, ya kafa sharuɗɗa uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi, ko na jiki, ko na yawa, ko na farin jini. Tsara biyu da suka yi faɗa, sulhu ya ishe su. Amma in sharuɗɗan nan sun cika, zaunar da su wuri ɗaya a ce su yafi juna kuskure ne. Mai rauni zai amsa da "ba komai" saboda tsoro, ɗayan kuma ya gane wanda ya kai ƙara.

Dakta Amina: Ciwon cikin nan na gaske ne, kada a ce ƙarya yake. Binciken Gini da Pozzoli ya nuna yaran da ake ci wa zali sun ninka sauran wajen sau biyu a kukan ciwon kai, ciwon ciki da rashin barci. A duba shi a asibiti tukuna, sannan iyaye su yi mako biyu suna rubuta lokacin da ciwon ke tashi. In yana zuwa da safiyar ranar makaranta, ya ɓace a ranakun hutu, an samu bakin zaren. Wani abu kuma, muryar uwa na rage wa yaro damuwa: a 2010 masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙi. Waɗanda suka ji muryar uwa ta waya, sinadarin kotisol mai tashi lokacin damuwa ya sauka a jikinsu kusan daidai da waɗanda uwa ta rungume. Da aka gwada da saƙon rubutu daga baya, bai yi wannan aikin ba.

Malam Sani: Dakta, to a bar shi a gida har abin ya lafa?

Dakta Amina: Kwana ɗaya ko biyu kafin a ga hukumar makaranta ba laifi, Malam. Fiye da haka, sauƙin da yake ji a gida shi ke koya masa gudu, komawa kuma ta ƙara wuya.

Hajiya Binta: Zaman farko da yaro ne wurin da iyaye suka fi yin ɓarna. Kada a buɗe da "me ka yi musu?", yaro zai ji an ɗora masa laifi, ya ja bakinsa ya yi shiru. A tambaye shi ana tafiya ko ana wani aiki tare, ba ido cikin ido ba: "Da wa kake zama lokacin tara?" "Wane wuri ne ba ka son bi?" In ya faɗa, a ce an yarda da shi, sannan a gaya masa matakin da za a ɗauka kafin a ɗauka. Yawancin masu ɓoyewa tsoronsu biyu ne, kada uba ya je ya yi hayaniya a makaranta, ko a ƙwace wayar in abin ta intanet ne.

Masana halayyar ɗan Adam, Lazarus da Folkman, sun raba hanyoyin jure damuwa gida biyu a 1984: tunkarar matsalar kanta, da kwantar da zuciya. Yaro ba shi da ikon na farko shi kaɗai, tunda an fi ƙarfinsa, shi ya sa "ka rama" da "ka share su" duka ba sa kai shi ko'ina. Mai ramawa sau da yawa shi malami ke kamawa. Tunkarar matsala aikin manya ne. Shi a koya masa numfashi a hankali, jan iska ana ƙirga huɗu, fitarwa ana ƙirga shida, da jimla ɗaya gajera da zai faɗa ya wuce wurin da babba yake. A gwada ta a gida har ta zauna a bakinsa. Kuma a taƙaita zancen, minti goma a rana ya isa. Nanata shi dare da rana ƙara damuwa yake.

Malam Yusuf: Hajiya ta gama da gida, bari in taɓa aji. A Kanada, masu bincike Pepler da Craig sun ɗauki bidiyon filin wasa, suka ga akwai 'yan kallo a sama da kashi 80 cikin ɗari na lokutan cin zali. In wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokutan abin na tsayawa cikin daƙiƙa 10. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa, dariyarsu ce ladansa. Shirin KiVa, na yaƙi da cin zali a makarantu, na Jami'ar Turku a Finland a kan wannan aka gina shi: ma'aikata uku su ji ta bakin wanda aka zalunta, su gana da masu yin, malamin aji ya nemi yara biyu zuwa huɗu masu farin jini su tsaya masa, sannan a sake zama bayan kamar mako biyu. Wannan zama na biyu shi makarantu ke tsallakewa, kuma nan abin ke komawa ɓoye, bayan aji ko a hanyar gida. Iyaye su je da rubutu: rana, wuri, abin da aka faɗa, wa ya gani.

Dakta Amina: A leƙa gida ma. Wani bincike na Ingila a 2014 ya gano yaran da 'yan'uwansu ke ci wa zali sau da yawa a mako sun kusan ninka sauran a ciwon damuwa suna da shekara 18. In yaro ya fara maganar mutuwa ko ji wa kansa ciwo, a kai shi wurin likita a ranar, kada a jira zaman makaranta.